Hausar Yayan Zoe

Ku gyara zama in ba ku labarin Celestina ta unguwar Aston, matar da ta kusa raba ɗanta da aikinsa da bakinta, alhali duk faɗin Ingila ba wanda take so kamarsa.

A Birmingham ba mai kiranta Celestina sai likitanta da masu aiko wasiƙar ƙaramar hukuma. Kowa Maman Zoe yake cewa, daga matan zumunta na cocinsu har ɗaliban da ke zuwa cin masarta ranar Asabar. Amma fa Zoe ba ita ce ta fari ba. Akwai Jabez a gabanta da shekara huɗu. Abin da ya sa, Celestina a Zariya ta tashi, a hannun gwaggonta a Tudun Wada, cikin matan da ko wuƙa za a sa musu a wuya ba sa kama sunan ɗan fari. Da ta taho Ingila, tanda ta ɗauko ta suyar masa, da Littafi Mai Tsarki na Hausa, da wannan alkunya, kuma duk ukun ba wanda ya yi tsatsa. Shekara ashirin da takwas ba a taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta ba da labarinsa sai ta ce "yayan Zoe". Yabo kuwa ba a ma maganarsa. Ranar da ya zo na ɗaya a tseren makaranta, ya rugo da lambarsa yana haki, cewa ta yi ya ɗaure igiyar takalminsa kafin ya faɗi. Sai da ya juya baya ta ɗauki lambar ta sa a cikin Zabura, tana nan har yau.

Ga kuma wata aƙida da take da ita, cewa alherin da bai nuna ba ba a buɗe masa tukunya. Baki, in ji ta, ya fi ruwan saman Ingila ɓata shiri. Mijinta Tomas, direban bas, mutumin Pankshin ta Filato, shi ba ruwansa da duk wannan. Sau goma zai kira sunan ɗansa a yini, har da ƙarin laƙabi.

Shi Jabez karatun haɗa magunguna ya tafi yi a Manchester. Bayan shekara biyu ya ajiye karatun, ya ce wasan kwaikwayo ne a ransa. Ya kama ɗaki a unguwar Rusholme, a saman wani shagon shawarma da bas ke girgiza tagarsa duk minti biyu, yana kai abinci tebur a wani gidan cin abinci na Wilmslow Road, yana zuwa gwaji. A shekara shida ya fito a matsayin gawa sau biyu, sau ɗaya kuma mai gadi, wanda ƙeyarsa kawai aka gani. Matan zumunta dai har yanzu mai haɗa magunguna suka sani. Celestina ba ta yi musu ƙarya ba, Allah ya gani. In an tambaye ta sai ta ce yana can Manchester ana ta fama, kowa ya fassara yadda ya ga dama.

To wata Talata da rana, ta dawo daga gidan kula da tsofaffin da take aiki, ko takalmi ba ta cire ba wayar Jabez ta shigo. Ya samu aiki. Wani shirin 'yan sanda ne na talabijin mai kashi shida, shi zai fito a matsayin direban tasi da aka zarga da kashe fasinja, sai can a ƙarshe a gane ba shi ba ne. An sa shi ya sa hannu a takarda cewa ba zai faɗa wa kowa ba, wanda a wajen Celestina shi ne abu na farko mai hankali da ta ji Turawa sun yi. Masu shirin sun rubuta direban ɗan asalin Afirka ne kawai, ba ƙasa ba yare, shi ne Jabez ya ce a bar shi ya yi Hausa a wurin da ake kama shi. Suka yi murna. Saura Hausar.

Jabez yana jin komai, ko gulmarsa ake yi a kicin yana ji, amma in ya buɗe baki Birmingham ce ke fitowa da hular sanyi. Mako guda uwarsa tana koya masa jimla biyu ta waya: "Wallahi ban taɓa shi ba. Ku kira mini uwata." Ya maimaita, ta gyara, ya maimaita. Ranar ƙarshe ya tambaye ta yaya ta ji, ta ce da dama-dama. Ta kashe wayar, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Tomas ya rantse ta kafar ƙofar ya hango ta tana taka rawa da safa a ƙafa, kafin ta durƙusa gaban gado. Ita ta ce tsintsiya take nema.

Bayan wata biyu, tun ba a gama ɗaukar shirin ba, aka saki tallarsa. Daƙiƙa arba'in. A tsakiya an danna kan wani baƙin mutum a jikin mota, ba a ganin fuskarsa, sai ƙeya da ankwa, da muryar nan tana neman uwarta.

Kafin la'asar intanet ta kama da wuta. Wasu Turawa suka ce su sun gaji, kowane shiri sai an cuso musu baƙo yana yaren da ba a ji. Baƙaƙen da aka haifa a nan suka ce su ma sun gaji, kullum in an ga baƙar fata a shirin 'yan sanda to da ankwa ne. Kowane ɓangare ya ce an wulaƙanta shi, a kan daƙiƙa arba'in guda. Sai kuma namu suka farka.

Akwai wani dandalin WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Ingila, Musulmi da Kirista, inda aka saba neman gidan haya da cinikin daddawa da yin ta'aziyya. Ranar nan saƙo ya wuce ɗari uku. Wanda ya ja gaba shi ne Malam Abdulsalami, Bakano, yana digiri na uku a fannin injiniya a Manchester, mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ya sa mata lamba ɗaya, lamba biyu. Ya rubuta cewa karo na farko ke nan da aka ji harshen mutum miliyoyi a talabijin ɗin ƙasar nan, kuma sai aka jiyo shi daga bakin mai kisan kai. Ya ƙara da cewa abin takaicin ma, ba Bahaushe ba ne, daga ji an ɗauko wani ne a titi aka haddatar da shi. Wata ta ce ita ta ji Hausar Ghana. Wani ya ce Jamaika ce, yana da maƙwabci mai irin muryar. Daga nan wani ɗan Filato ya tambaya wai shin wane ne Bahaushen ma, tunda su a gida 'yan ƙabila ake ce musu, sai an zo Ingila ake tuna 'yan'uwa ne. Nan aka manta da Turawa aka koma kan juna, har mai kula da dandalin ya rufe shi na awa guda don a sha iska.

Celestina tana cikin dandalin, ta karanta duka. Ta kalli tallar nan ta fi sau talatin, a bas, a wurin aiki, a banɗaki.

Asabar ta zo, ɗalibai suka cika kicin. Cikinsu akwai Asama'u, Bakatsiniya da ke zaune a unguwar Selly Oak, tana bincike a kan yadda talabijin ke nuna 'yan Afirka. Shekara biyu ke nan da zuwanta, ba ta taɓa haɗuwa da Jabez ba, amma Celestina ta ɗauke ta kamar 'ya, ita ta raka ta asibiti lokacin da sanyin farko ya kwantar da ita. Yarinya ce mai kirki, sai dai ba ta rabuwa da naɗar murya. Ko karin magana Celestina ta yi sai ta ce Mama maimaita in ɗauka.

Ana cikin cin masa da miyar taushe Asama'u ta jingina wayarta da kwalbar mai, ta kunna tallar.

"Mama, ke da kika tashi a Zariya, don Allah wannan Hausa ce?"

Muryar ɗanta ta cika kicin, yana neman uwarsa, ga uwar nan tsaye da cokalin juya masa. Zuciyarta ta kumbura kamar ƙullun da ya kwana. Mata biyar sun zuba mata ido. Ta ji in ta yi shiru fuskarta za ta tona ta, in ta yi murmushi an gama. Sai ta yi abin da gwaggonta za ta yi, abin da kowace uwa a Tudun Wada ke yi in an ambaci ɗan farinta a cikin mutane.

"Wannan? Ai ko akuya aka ɗaure a Zariya wata uku ta fi shi kama harshe. Ni da ni ce 'yan sandan, uwar da yake kira zan kama, in sake shi ya tafi."

Kicin ya ɓarke da dariya, wata har ta ƙware. Asama'u tana share hawaye ta ce Mama don Allah maimaita in ɗauka. Celestina ta ɗauka irin na karin magana ne, na cikin littafin bincike da ba mai karantawa. Kuma in faɗa muku gaskiya, mai ba da labari in ya ji an yi masa dariya, barkono yake ƙarawa. Ta maimaita, ta ƙara da cewa yaron yana tauna Hausa kamar tsohuwar da ta manta haƙoranta a kofi.

Ashe bidiyo Asama'u ta ɗauka, ta sa fassarar Turanci a ƙasan hoton, ta saki a intanet.

Ranar Litinin Tomas ya dawo daga aiki bai ko cire rigar direba ba ya miƙa mata wayarsa. Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa a garejin bas, yana cewa kalli wata tsohuwa mai ban dariya, bai san matarsa ba ce. Mutum dubu ɗari huɗu sun kalla. An raɗa mata suna Kakar Hausawa, ita da ko jika ba ta yi ba. Masu cewa a daina cuso baƙi suna yaɗa ta, wai ga shi su da kansu ba sa so. Masu yaƙi da wariyar launin fata su ma suna yaɗa ta, wai ga muryar al'umma. Karo na farko da ɓangarorin biyu suka yarda da abu ɗaya.

"Maman Zoe," in ji Tomas, "kin riga ɗanki yin suna."

Sai wayarta ta hau ƙara. Jabez ne. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce kamfanin ya fitar da takardar ban haƙuri, an dakatar da sauran fitowarsa, har da ta kotu wadda ita ce babba, ana shawarar a cire shi a kawo ɗan asali a sake ɗauka. Ya ce ranar Alhamis sun gayyaci Asama'u da Malam Abdulsalami da ita kanta Kakar Hausawa zuwa Manchester, wai za su saurari al'umma, abin da aka ce shi za a yi. Bai faɗa musu uwarsa ba ce. Ya ce bai san ta yaya mutum ke faɗin haka ba.

"Mum, you could've just told me," in ji shi. "Tun ina ƙarami nake jira ki ce na yi abu ɗaya daidai. It's fine. Ba ni Dad."

Ta miƙa wa Tomas wayar ta zauna a kujerar kicin. Da Tomas ya gama, ta fara yi masa bayani kamar shi ne alƙali, cewa ai kowa ya san abin da uwa ke nufi in ta kushe ɗan fari, ai rufa masa asiri take yi daga bakin mutane, ai in ba ɗanta ba ne me zai sa ta ɓata bakinta a kansa. Tomas ya bari ta gama tsaf.

"A Tudun Wada kowa ya sani," ya ce. "Nan kuwa Asama'u ta fassara maganar, alkunyar ba ta shiga fassara ba. Shi kuma yaron nan a Aston kika haife shi."

Alhamis da safe suka hau jirgin ƙasa a tashar New Street, ita da Asama'u. Celestina ta yi niyyar kafin su wuce gari biyu ta faɗa mata komai. Amma Asama'u sai walƙiya take, ta buɗe kwamfuta a cinya, tana ba da labarin yadda malaminta na jami'a ya yaba, ya ce wannan babi guda ne a bincikenta. Sau uku Celestina tana buɗe baki. Na ukun har ta kai ga cewa yayan Zoe ma fa a Manchester yake.

"Mai haɗa magunguna? In mun gama sai mu biya mu gaishe shi, Mama."

Ga dama ta samu, amma sai ta ga kafin ta kai ga cewa ɗan wasan nan ɗanta ne, sai ta bi ta kan ya bar karatu, ta bi ta kan shekara shida da ta bar mutane cikin duhu, sannan ta ƙare da abin da ya fi kama da yabon kai. Ta ce Allah ya kai mu, ta ciro gyaɗa ta miƙa mata.

Ofishin kamfanin duk gilashi ne, mutum yana ganin kansa ta ko'ina, abin da Celestina ba ta buƙata a ranar. Aka kai su wani ɗaki mai dogon tebur da shayi da biskit. Shugabar shirin, wata Baturiya mai gajeren gashi fari, ta ba su haƙuri sau bakwai kafin su zauna, Celestina ta ƙirga. Malam Abdulsalami ya riga su isowa, da babbar riga da hula zanna, da takarda mai lamba goma. Ya karanta su duka a tsaye. Lamba ta ɗaya ta ce nuna Bahaushe da ankwa cin mutunci ne da ba za a lamunta ba. Lamba ta goma ta ce idan har ya zama dole a nuna, to a nemi wanda Hausa ta zauna a bakinsa, kuma shi, duk da karatu ya yi masa yawa, a shirye yake ya sadaukar da lokacinsa saboda al'umma. Har ya ɗan gwada musu jimlar, da hannu a baya kamar an ɗaure shi.

Sai aka shigo da Jabez, wai shi ma ya saurara. Ya rame, ko kuwa idon uwa ne. Ya ɗan rusuna ya ce ina wuni, ya zauna can ƙarshen tebur, bai kalli inda take ba. Asama'u ta ɗan yi turus da jin gaisuwar, don ɗan titi ba ya rusunawa haka.

Malam Abdulsalami ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi daga ina yake. Jabez ya ce Birmingham.

"A'a, asalinka nake tambaya."

Wannan fa ita ce tambayar da Malam ya taɓa rubuta lamba shida a kanta a dandali, ranar da wata Baturiya ta yi wa 'yarsa ita a makaranta. Jabez ya ce mahaifinsa mutumin Pankshin ne. Malam ya juya ga shugabar ya buɗe hannu, ya ce mata da Turanci to kin gani, ai da ma mun faɗa, ba Bahaushe ba ne.

Shugabar ta rubuta wani abu. Sannan ta juyo ga Celestina da ladabi, ta ce muryarta ce ta farkar da su, don haka maganar ƙarshe tata ce. A canza shi, ko a bar shi?

Celestina ta kalli shayin da ke gabanta, ya huce ya yi fata. Ta tuna gwaggonta, wadda ta mutu ba ta taɓa kiran sunan babban ɗanta ba, kuma ba wanda ya yi shakkar ƙaunarta, don duk unguwar yare ɗaya suke ji. Ta ɗaga ido ta ga ƙeyar nan da ta kalla sau talatin, ya sunkuyar da kai yana murza igiyar rigarsa. Ta buɗe baki, sunan ya tsaya a maƙogwaro kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Ta tura.

"Jabez."

Ya ɗago kamar an taɓa shi da wuta.

"Jabez ɗana ne," ta ce, da Hausa, tana kallon tebur. "Ɗan fari. Ni na koya masa maganar nan, ni ce uwar da yake kira."

Alƙalamin Asama'u ya faɗi. Ta rufe baki da gyalenta ta ce, "Ɗan fari, Mama? Wayyo ni, ashe alkunya na watsa wa duniya." Ba ta buƙaci wani bayani ba, 'yar Katsina ce. Malam Abdulsalami ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a can. Shi ma ɗan fari ne. Daga baya ya faɗa wa Tomas cewa ranar da ya samu gurbin karatu a Ingila, mahaifiyarsa cewa ta yi a gaban mutane ashe Turawa ba sa tantancewa, sannan ta yi azumi uku na godiya a ɓoye.

Turawan nan suna ta kallon fuskoki ba su san me ya faru ba. Sai ga Malam da Asama'u, masu digirin nan, waɗanda suka zo da takardu don a tsige yaro, sun shafe minti ashirin suna bayani cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, kuma in ta kushe shi a cikin taro to abin ya kai mata har zuciya ne. Malam har ya fara sa wa bayanin lamba. Shugabar tana gyaɗa kai, amma kana gani ka san ta ɓace tun a akuya. A ƙarshe ta ajiye alƙalami ta ce ita dai a taimake ta da abu ɗaya, don gobe za ta tsaya gaban manyanta. Ta dubi Celestina ta tambaye ta kai tsaye, wasan nasa ya yi kyau ko bai yi ba?

Kun ji rashin imani. An sa ta kama suna, yanzu kuma yabo, duk a zama ɗaya, a gaban baƙi.

"He is good," in ji Celestina. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Very good. Asama'u, faɗa mata kada ta sake tambayata."

Jabez ya ɗaga kai yana nazarin fitilun rufin ɗakin, kamar an ɗauke shi aikin gyara su.

Saura maganar Hausar, don shugabar ta ce har yanzu mutane za su ce ba daidai take ba. Yanzu da ƙofa ta buɗe, bakin Celestina ya dawo. Ta tambaya shin direban nan na cikin labarinku a ina aka haife shi. Aka duba takarda aka ce a nan Manchester. Ta ce to magana ta ƙare, 'ya'yan da muka haifa a ƙasar nan haka Hausarsu take, ta Malam ma in ya daɗe zai ji ta a bakin 'yarsa, in kuwa ta Kano suke so sai su je Kano su kama direba. Malam ya mayar da hularsa. Lamba ta goma dai ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Aka bar wa Jabez aikinsa. Ya raka su tasha, ya riƙe wa uwarsa jaka, ba wanda ya tayar da maganar. Da jirgi ya zo ta ce masa ya riƙa cin abinci, wuyansa ya yi tsawo.

Asama'u ta zauna ta rubuta dogon bayani mai kyau, da ban haƙuri, da tarihin alkunya, ta saki a inda ta saki na farko. Mutum arba'in da ɗaya suka karanta. Intanet ta riga ta yi gaba, ana can ana yaƙi a kan wani shirin da aka ba wata gajeriyar mace matsayin shugabar 'yan sanda. A dandalin 'yan Arewa kuwa sabuwar muhawara ta tashi, ko ɗan da ubansa ɗan Pankshin ne, uwarsa ta tashi a Zariya, aka haife shi a Aston, na wa ne. Wannan karon kowane ɓangare cewa yake nasa ne. Aka sake rufe dandalin na awa guda.

Da aka saki shirin, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci matan zumunta suka cika falon Celestina, da Asama'u da ƙawayenta, aka kalli kashi shidan a jere da masa da kunun gyaɗa. Sun yafe mata maganar magunguna, bayan sun ja mata rai na mako biyu. Da alƙali ya sallami direban tasi a kashi na ƙarshe, wata ta yi guɗa har maƙwabci ya buga bango. Malam Abdulsalami ya rubuta a dandali cewa shi tun farko ya ga alamar yaron ba shi da laifi.

Wata daga cikin matan ta leƙa kicin ta ce, "Maman Jabez, a ƙaro miya." Celestina ta ci gaba da juya masa kamar da bango ake. Sai da aka ce Maman Zoe ta waiwayo.

Can wayarta ta yi ƙara, Jabez ne. Ta goge hannu ta ɗauka, duk falon ya yi tsit ana kasa kunne.

"Mama, kin gani? Yaya?"

"Na gani," ta ce. "Rigar da suka sa maka a kotu ko guga babu. Haka za ka tsaya gaban alƙali kamar marar uwa?"

Sai ta ji yana dariya ƙasa-ƙasa, bas na wucewa ta bayan tagarsa.

"Na gode, Mama," in ji shi.

Ta ce ya kashe wayar, masarta na ƙonewa.